Jawabin Yaye Ma'aikatan Sassan Zane-zane a Kangire



Zane ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Ga shanun da mutanen dā suka zana a Dutsen Habude da Dutsen Mesa na Birnin Kudu, har yau suna nan. Masu rini a marinar Ƙofar Mata kuwa, wadda aka kafa a 1498, baba da toka ne kayan aikinsu, ko katsin da ya kwanta a gindin karofi ba ya zama shara, ƙona shi ake yi a haɗa laso.

Kayan da ke ɗakunan zane na jami'o'inmu yanzu daban suke, tun daga Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya har zuwa ƙananan kwalejoji. Akwai asid ɗin da ke cin ƙarfe, akwai sodar rini, akwai tina, akwai dalma a cikin wasu sinadaran ƙyalli na tangaram. Ita dalmar nan mun san ta: a 2010 ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Zamfara.

Malami ya gama darasi ya tafi, ɗalibi ya naɗe zanensa. Wa ya rage da bokiti? Ku ne, masu shara da masu kula da ɗakin aiki. Shi ya sa aka fara da ku. Kun koyi cewa tsumman da ya sha man fenti, in aka tara shi a lungu, yakan kama wuta da kansa, don haka sai a gwangwanin ƙarfe mai ruwa da murfi. Asid ake zubawa cikin ruwa, ba a zuba masa ruwa. Ƙurar sinadari da jiƙaƙƙen tsumma ake goge ta, ba da tsintsiya ba.

Wadda ta fi damuna ita ce jarka. Mu mutane ne da ba ma yar da jarka, to amma wadda ta ɗauki sinadari kada ta bi ku gida, balle ta ga ruwan sha ko man gyaɗa. Ku huda ta, ku rubuta abin da ta ɗauka.

Shugabannin sassa, horo ba ya sayen safar hannu da takunkumi. A sa su a kasafin bana.

Allah Ya tsare lafiyarku. Mai girma Hakimi, ranka ya daɗe, muna roƙon ka taso ka miƙa wa waɗanda ake yayewa takardun shaidarsu.