Kwana a Bakin Teku da Iyali: Ada Foah ta Ƙasar Gana

A shirin yau za mu leƙa gaɓar teku, domin hutun ƙarshen shekara na ƙaratowa, kuma magidanta a zangunan Akara da Tema har da Lome kan so su fita da yara su sha iska. Idan kana cikinsu, ga Ada Foah, inda kogin Volta ke shiga tekun Atilantika, tafiyar sama da kilomita 100 gabas da Akara. Hanyar Aflao za ka bi, a Kasseh ka karya kudu.

Wurin nan ba baƙo ba ne ga kakanninmu fatake. Gishirin tafkin Songor da ke kusa, shi ne a da ake lodawa a kwalekwale a haura Volta da shi har Kete Krachi, inda Hausawa ke ciniki. Amma kai da za ka kafa tanti yau, ka sani baƙo ne kai, kuma masu gida uku za ka tarar: teku, masunta da kunkuru.

Mu fara da teku. Yaron da ya iya iyo a kogi ko tafki, wallahi bai san teku ba. Ruwan yakan cika ya janye sau biyu a kwana ɗaya, don haka ka duba inda ya bar tarkace a kan rairayi, ka kafa tanti can sama da nan. Akwai kuma jan ruwa mai fizgar mutum zuwa ciki. Wanda ya faɗa masa, kada ya yi kokawa da shi kai tsaye. Ya yi iyo ta gefe, yana bin tsawon gaɓa, har ya kuɓuta. Yara dai su tsaya inda ruwa bai wuce gwiwa ba, babba na riƙe da su. Uwargida, kar a manta gidan sauro da ruwan sha.

Na biyu, masunta. Da sassafe za ka gan su jere suna jan taru da igiya. Ka yi sallama, ka tambaya kafin yaranka su sa hannu ko ka ɗauki hoto. Matambayi ba ya ɓata. A garuruwa da dama na gaɓar Gana ba a shiga teku kamun kifi ranar Talata, to ka bincika kafin ka fito da fatsarka. In yara na son jefa ƙugiya, ɓangaren kogi ya fi kwanciya, amma da mai kwalekwalen da ya san wurin, kowa da rigar kariya a jikinsa. Kifin gashi kuwa, saya a hannunsu, sana'arsu ke nan.

Na uku shi ne wanda ba ya magana. Daga wajen Nuwamba zuwa Fabrairu kunkurun teku mata kan fito da dare su haƙa rami a rairayi su zuba ƙwai, sau da yawa kimanin 100 a rami ɗaya. Bayan wajen wata 2 'ya'yan su ƙyanƙyashe, su nufi inda ya fi haske, wato saman ruwa. To ka ga, wutar da ka hura ko tocilar wayarka na iya juya su zuwa tudu, inda karnuka da tsuntsaye da zafin rana ke gamawa da su. Ledar da ka yar ma, babban kunkuru kan ɗauka abinci ce ya haɗiye. Dokar Gana ta hana kama su ko kwasar ƙwansu, kuma tun 2011 UNESCO ta sa yankin Songor cikin wuraren da take karewa. Mai son gani da ido ya nemi jami'an kula da namun daji na Ada, su ne ke raka baƙi da dare.

Saboda haka, maigida, in dare ya yi a rage wuta, a kashe tocila, a tattara shara a buhu a koma da ita gida. Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku lafiya. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.