Garkuwa A Cikin Gem: Wa Ya Ɗauko Ta Zuwa Fagen Fama?

 Yau za mu ɗan huta da siyasa, mu taɓa gem. Na san wani zai ce shirin matasa ya koma wasan yara, to a yi haƙuri a ji.

Masu buga wasannin dabarun yaƙi irin su Age of Empires II da Total War sun san yadda ake saka garkuwa a yawancinsu. Ka biya zinariya, ka danna maɓalli, sojanka ya samu ƙarin kariya ɗaya ko biyu daga kibiya. Shi ke nan, garkuwa ta zama lamba. Ni kuma ina ganin duk wanda zai saka garkuwa a gem, ya saka ta da wahalarta, domin a nan daɗin yake.

Mu je Faransa, 26 ga Agusta 1346, yaƙin Crécy. Sarkin Faransa Filib na shida ya ɗauko sojojin haya daga Jenowa ta Italiya, masu harbi da bakan nan da ake ɗanawa, mai gindi kamar na bindiga. Bakan yana da ƙarfi amma ɗana shi yana cin lokaci, don haka maharbin yana kafa doguwar garkuwa mai kama da ƙyauren ɗaki, ya ɓuya a bayanta ya ɗana. Ranar nan garkuwoyin suna can baya cikin kaya, ba su iso ba, aka ce su shiga haka nan. Maharban Ingila masu dogon baka suka yi musu ruwan kibau. Da suka ja da baya, mahayan Faransa, wato nasu mutanen, suka bi ta kansu da dawakai. Ku duba fa, garkuwar tana nan, an ƙera ta, an biya kuɗinta. Kawai ba ta zo inda ake buƙatarta ba. Gem nawa ne ke barin ka faɗi yaƙi saboda kayanka sun makale a hanya?

Shekara 280 kafin nan, a Hastings ta Ingila, 1066, mutanen Sarki Harol sun tsaya kan tudu, kafaɗa da kafaɗa, garkuwa na haɗe da garkuwa kamar katanga. Dawakan Wiliyam na Nomandi suka yi ta bugu kusan yini guda. Katangar ta fara ɓaraka ne lokacin da wasu suka ga abokan gaba na gudu, suka bar sahu suka bi su, aka juyo aka gama da su. Garkuwarka tana kare na kusa da kai, tasa tana kare ka. Saboda haka a gem ya kamata ƙarfinta ya ragu da zarar sahu ya watse.

Wanda na ga ya kama hanya shi ne Manor Lords, da ya fito a Afrilu 2024. A can manomanka ne sojojinka, kuma ba za su fita da mashi ba sai da babbar garkuwa. Sai ka sare itace, ka yanka katako, kafinta ya ƙera, ko ka saya da tsada. Kana ji a jikinka.

Kuma garkuwa tana tsufa. A ƙarni na 15, da sulken farantin ƙarfe ya rufe jikin mahayan Turai, da yawa suka ajiye ta suka kama makami da hannu biyu.

To ina ruwanmu? Akwai matasanmu da ke koyon haɗa gem yanzu, kuma wata rana wani zai ɗauko Kano ko Katsina ko Gobir. Tsorona kada ya kwafo garkuwar katako ta Turawa ya rataya wa barden Kano. Tamu ta fata ce. Wadda ta yi suna ita ce ta fatar warwaji, irin ta Abzinawa, dabbar da aka ayyana ta ƙare a daji a 2000, sai daga 2016 aka fara mayar da ita Chadi. Ke nan a gem ɗinka ba kafinta za ka nema ba, maharbi za ka nema, da majemi, da baduku, da ayarin da zai sauko daga Agadas. A tare hanyar ayari, garkuwa ta yi tsada. Sannan ga lifidi, wanda Tarihin Kano ya ce Sarki Kanajeji ne ya fara kawo shi tare da sulke da kwalkwali, wajen 1400. Lifidi garkuwar doki ce, auduga aka cusa, tana tare kibiya amma tana da nauyi da zafi, kuma wuta na kama ta. Mai haɗa gem, ga ka da lissafi a hannu: dokin lifidi ya fi juriya, ya fi saurin gajiya, ya ji tsoron kibiyar wuta.

Har yau sarakunanmu na naɗa sarautar Garkuwa, likita ma garkuwar jiki yake cewa, amma da yawanmu ba mu taɓa riƙe ta gaske ba. In hawan sallah ya zo, ku matsa kusa da 'yan lifida ku ɗauki hoton kayan da kyau, gaba da baya, ku tambayi dattawan wa ke ɗinka su yanzu. Shiri na gaba kan sulke ne. Sai mun haɗu.