Jirgin ƙasa cikin gari: kafin mu tafa, mu yi tambaya

 

Kwanakin baya wani ƙanena ya turo min bidiyon jirgin ƙasan cikin gari na Legas a WhatsApp, yana sheƙa gudu bisa gada. Ƙasan bidiyon ya rubuta: "Yaya, mu sai yaushe?" Tambayar ta tsaya min a rai, ita ce kuma ta kawo ni gabanku yau.

Mu fara da mi ake nufi. Jirgin cikin gari daban yake da babban jirgin da ke ɗaukar kaya daga ƙasa zuwa ƙasa. Shi ƙarami ne, galibi da lantarki yake tafiya, tashoshinsa kusa da juna, aikinsa kai ma'aikaci ofis, ɗan kasuwa kasuwa, ɗalibi makaranta. Ribarsa tana ga yawan jama'a: dubban mutane su bi hanya ɗaya, safe da yamma, kullum. In babu wannan cunkoso, jirgin zai yi ta yawo da kujeru babu kowa, bashin da aka ci kuma yana nan yana jira.

To wa ya gwada, kuma ya aka ƙare?

Addis Ababa ta Habasha ta buɗe nata a 2015, layi biyu, a kan dala miliyan 475, mafi yawa bashi daga China. Duk Afirka aka yi ta yabo. Bayan ƴan shekaru jirage da yawa suka kwanta a gareji saboda babu kayan gyara. An sayi doki, ba a tanadi harawa ba.

Abuja ta buɗe nata a watan Yuli 2018. Ya tsaya a 2020 lokacin korona, bai dawo ba sai watan Mayu 2024. Babban kukan jama'a shi ne tashoshi da yawa sun yi nisa da unguwannin da mutane ke kwana. In sai ka hau kabu-kabu mai tsada kafin ka kai tasha, ai gara kabu-kabun ya wuce da kai inda za ka.

Legas ɗin da ƙanena ke sha'awa, an fara aikin layin a 2009, bai fara ɗaukar fasinja ba sai Satumba 2023. Shekara 14 don kilomita 13. Amma shi yana samun jama'a, domin an shimfiɗa shi inda cunkoso yake. Haka jirgin Dakar zuwa Diamniadio da Senegal ta buɗe a Disamba 2021.

Ba sai mun je nesa ba ma. Ku tuna layin Yamai zuwa Dosso, kusan kilomita 140, wanda kamfanin Bolloré ya fara a 2014, aka yi bikinsa a Janairu 2016. Manufa ita ce ya haɗe da layin Benin a Parakou har zuwa tashar ruwan Kwatano. Rikicin shari'a ya taso a Benin kan wa ke da izinin aikin, ba a haɗa ba. Haka aka bar ƙarfe kwance, babu fasinja, babu kaya. Gani ga wane ya isa wane tsoron Allah.

Yanzu bari in faɗi abin da wasu ba za su so ji ba. Dakoro ba ta buƙatar jirgin cikin gari. Maraɗi ma, a yadda take yau, motocin haya masu tsari da hanyoyi masu kyau sun fi mata amfani. Ga kuma batun wuta. Duk mun ga abin da ya faru a Agusta 2023, da Najeriya ta yanke mana lantarki saboda takunkumin CEDEAO. Ƙasar da wutarta ke hannun maƙwabci, ta fara gyara wuta kafin ta yi maganar jirgin lantarki.

Amma akwai jirgin da ya shafe mu kai tsaye, shi ne layin Kano zuwa Maraɗi. Kilomita 284 ne, aka aza harsashinsa a Fabrairu 2021 zamanin Shugaba Muhammadu Buhari, kamfanin Mota-Engil na Fotugal ke da kwangilar. Zai bi ta Kazaure, Daura, Katsina, Jibiya, ya shigo Maraɗi. Ranar da ya iso, saniyar da aka saya a kasuwar Dakoro da buhun waken manominmu za su iya kaiwa Kano cikin sauƙi, ba tare da wahalar shingayen hanya ba.

Sai dai jirgin a Maraɗi zai tsaya. Tsakaninmu da shi akwai sama da kilomita 100, ta Kornaka da Tibiri. Ni da kaina na taɓa zama a tasha tun hantsi har bayan azahar, da mara lafiya a jikina, muna jiran mota ta cika. Wanda ya sha wannan ya san matsalarmu daga bakin ƙofa take farawa. In wannan hanya ba ta da tsari, ribar jirgin za ta tsaya hannun dillalan birni, makiyayi da manomi su ci gaba da sayarwa a wulaƙance.

Don haka duk ranar da wani ya zo da hoton jirgi mai sheƙi, ko hukuma ce ko mai neman ƙuri'a, ku riƙe tambayoyin nan. Wa zai hau, kuma nawa zai biya? Kuɗin bashi ne, wa zai biya shi, cikin shekara nawa? Wa zai gyara in ya lalace, ɗiyanmu aka koya wa ko kullum sai an kira baƙo? Ina za a sa tashar, kusa da kasuwa ko can bayan gari? Masu gonakin da layin zai ratsa, an biya su kafin a fara ko sai bayan sun gaji da zarya? Burtalin dabbobi fa, an bar musu mashiga?

Wannan ba adawa ba ce. Kuɗin jama'a ne, haƙƙinmu ne mu sani. Ku je ma'aikatar magajin gari ku tambayi tsarin tashar mota da hanyoyin ƙauyuka. Ku rubuta, ku yi magana a rediyo, cikin ladabi amma ba da tsoro ba. Masu karatun kanikanci da lantarki, ku dage tun yanzu, ba a fafe gora ranar tafiya.

Shi kuwa ƙanena, amsar da na ba shi ita ce: jirgin da nake jira ba irin na Legas ba ne. Ina jiran ranar da tsohuwarmu za ta tashi Dakoro da safe, ta ga likita a Maraɗi, ta dawo gida kafin magariba.

Allah ya ba mu zaman lafiya da damina mai albarka.