Jawabi Ga Malamai Da Iyaye: Kada Ɗalibi Ya Jira Ranar Hutu Kafin Ya San Matsayinsa

 Zan yi magana a kan sanar da ɗalibi makinsa da ci gabansa a kai a kai, tun karatu yana tafiya.

Dukanmu mun san yadda abin yake a yawancin makarantunmu. Zangon karatu mako 12 ne ko 13. Yaro zai yi gwaji na fari, ya yi na biyu, ya ba da aikin gida, malami ya tattara takardun ya sa a durowa. Yaron ba zai sāke jin labarinsu ba sai ranar da za a ba da hutu, a miƙa masa katin sakamako, ya ga jan biro a gaban Lissafi. A ranar ce mahaifinsa zai sani, a ranar ce shi kansa yaron zai sani. To, me za a iya yi a ranar? An riga an rufe rajista. Faɗa ko bulalar da za ta biyo baya a gida, ihu ne bayan hari.

'Yan'uwa, ba haka aka shirya tsarin ba. Manufar Ilimi ta Ƙasa da Nijeriya ta fitar a 1977, aka kuma yi mata gyara a 1981, ita ce ta kawo auna ɗalibi a kai a kai, wato abin da muke kira C.A., tare da tsarin 6-3-3-4. Dalilin kuwa shi ne kada jarrabawa ɗaya ta rana ɗaya ta yanke wa yaro hukunci, kuma malami ya ga inda yaro yake tuntuɓe tun da sauran lokaci. Har wa yau makarantun sakandare suna aika wa hukumar WAEC waɗannan makin, ana kuma lissafa su cikin sakamakon ƙarshe. Amma a wurare da yawa mun ɗauki rabin aikin, mun yar da rabi. Muna aunawa, muna rubutawa, ba ma faɗa wa mai abin. Kamar asibitin da zai ɗebi jinin mutum sau 3, ya ajiye sakamakon a fayil, sai ciwo ya ci ƙarfinsa a ce masa ai tun watan jiya aka gani.

Bari mu yi ɗan lissafi, gama lamba ba ta son zuciya. A ce makaranta ta ba C.A. maki 40, jarrabawar ƙarshe maki 60. Yarinya ta tara maki 12 kaɗai cikin 40. Domin ta kai 50, wanda shi ne mafarin kiredit, dole ta sami 38 cikin 60 a jarrabawa. Wato yarinyar da take cin kashi 30 cikin 100 duk tsawon zango, ana so ta tashi dare ɗaya ta ci sama da kashi 63. Da wuya. Amma da an gaya mata a mako na 4 cewa ta sami 3 cikin 10 a gwajin fari, kuma rarraba lamba ce take kayar da ita, da tana da mako 8 a gabanta, da sauran maki 90 da ba a taɓa ba.

Ga waɗanda 'ya'yansu suke jami'a, abin ya fi haka tsanani. A tsarin maki 5 da yawancin jami'o'inmu suke bi, ana tara makin kowace shekara ne a kan na baya. A ɗauka nauyin darussan kowace shekara daidai yake. Ɗalibin da ya gama shekarar fari da 1.5, ko da ya farka ya sami 4.0 a kowace shekara cikin ukun da suka rage, zai fita da kusan 3.38. Bai kai 3.50 ba, wato babban mataki na biyu ya wuce shi, saboda shekara ɗaya da ya yi cikin duhu. Idan kuwa ba a kafa sakamakon zangon fari a allon sanarwa ba sai zango na biyu ya yi nisa, ta yaya zai san cewa yadda yake karatu ba ya kai shi? Malaman manyan makarantu da kuke nan, wannan magana taku ce.

Sai dai in ja kunnenmu a nan. Faɗin maki kaɗai bai isa ba, wani lokaci ma yakan ɓata. A 1988 wata mai bincike mai suna Ruth Butler ta buga sakamakon wani gwaji da ta yi da 'yan firamare a Isra'ila. Wasu yaran an mayar musu da aikinsu da maki kaɗai, wasu da bayani kaɗai na abin da ya yi kyau da abin da za su gyara, wasu kuma da duka biyun. Waɗanda suka sami bayani kaɗai su ne aikinsu ya ƙaru. Abin mamaki, waɗanda aka haɗa musu maki da bayani ba su fi masu maki kaɗai ba. Malaman da ke nan ba za su yi mamaki sosai ba, gama sun san abin da yaro yake yi da zarar an miƙa masa takarda. Idonsa yana kan lambar da aka zagaye a sama, daga nan ya leƙa ta maƙwabcinsa, ya ninke tasa ya sa a jaka. Rubutun da malami ya ɓata dare yana yi a gefe, ko kallo bai samu ba. Shekara 10 bayan haka, a 1998, Paul Black da Dylan Wiliam na King's College a Landan suka duba bincike kimanin 250, suka nuna cewa irin wannan aunawa da ake yi domin gyara tana ɗaga karatun yara ƙwarai, kuma yaran da suke baya su ne suka fi amfana.

Ban ce a daina ba da maki ba. Yaro yana da hakkin sanin makinsa, kuma da shi za a yi masa hukunci a ƙarshe. Abin da nake cewa shi ne, a mayar da takarda da bayanin gyara tukuna, a ba yara minti 10 a cikin aji su gyara abin da aka nuna musu, sa'an nan a faɗi makin. Bayanin kuma ya zama abin da yaro zai iya aikatawa. "Ka ƙara ƙoƙari" ba bayani ba ne. "Kana manta aro daga lambar gaba sa'ad da kake ɗebewa, sāke yin tambaya ta 4 da ta 7", wannan shi ne bayani.

Na san abin da wasu malamai suke faɗa a zuci: ina da yara 80 a aji, ina da aji 5, yaushe zan yi wannan? Gaskiya ne, ba kuwa zan raina wannan nauyi ba. Amma ba kowane aiki ne sai malami ya kwasa zuwa gida ba. Gwaji mai tambaya 5 a ranar Juma'a, yara su musanya littattafai, a duba tare a kan allo, kowa ya san nasa kafin a tashi. Kuskuren da rabin aji suka yi, a yi bayaninsa sau ɗaya a allo. Kowane yaro kuma ya ware shafin ƙarshe na littafinsa, ya riƙa rubuta makinsa da kwanan wata da hannunsa. Wannan shafi yana da wani amfani kuma. Malamin da ya san yara suna riƙe da makinsu ba zai zauna dare ɗaya a ƙarshen zango ya cika rajista da lambobin da ya ga dama ba, kuma idan aka yi kuskure wajen kwafa, yaro yana da abin nunawa.

Abu ɗaya nake roƙo a bari, shi ne karanta maki da ƙarfi a gaban aji daga na ɗaya har zuwa na ƙarshe, yara suna dariya. Yaron da aka yi wa haka sau biyu zai koyi ɓoye takardarsa, daga nan ya koyi ɓoye kansa.

Yanzu in juyo gare ku, iyaye. Wata mai bincike, Rebecca Dizon-Ross, ta yi aiki da iyayen 'yan firamare a ƙasar Malawi, aka buga sakamakon a 2019. Ta tarar cewa iyaye da yawa ba su san ainihin matsayin 'ya'yansu ba, ko da yake makarantu suna ba da katin sakamako, kuma rashin sanin ya fi yawa a wurin iyayen da ba su yi karatu mai zurfi ba. Da aka zauna aka bayyana musu dalla-dalla, sai suka sāke shawara, har wajen zaɓen littafin da ya dace da ƙarfin yaro. Amma akwai wani gefe mai ɗaci. An ƙara riƙe masu ƙoƙari a makaranta, an kuma fi saurin barin marasa ƙoƙari su daina. Mu lura da wannan sosai. Idan malami ya gaya maka ɗanka yana baya a mako na 6, ya gaya maka ne domin a taimake shi, kada ya zama hujjar tura shi gona ko aurar da yarinya.

Katinmu da Turanci ake rubuta shi, cike da A1 da C6 da F9. Uwar da ba ta karanta Turanci ba, abin da yaro ya fassara mata shi za ta ji, mun kuwa san irin fassarar da akan yi. Saboda haka malamin aji ya yi wa iyaye bayani da Hausa ko da harshensu na gida, baki da baki ko ta waya. Makarantun da suke riƙe sakamako saboda bashin kuɗin makaranta kuma, ku bi bashinku wurin uba, amma ku gaya wa yaro inda yake.

Ga abin da nake so kwamitin iyaye da malamai ya duba kafin a koma zango mai zuwa: kowace takardar gwaji ta koma hannun mai ita cikin mako 1, a kuma sa rana ɗaya a tsakiyar zango, wajen mako na 6, da kowane malamin aji zai zauna da rajistarsa a buɗe, iyaye su zo tare da 'ya'yansu su gani. Wanda bai sami zuwa ba, a aika masa da 'yar takarda ya sa hannu ko ya dangwala yatsa, a dawo da ita ranar Litinin.