Notin da Ya Ƙi Kwancewa

Yau za mu yi magana a kan wani ƙaramin abu wanda bai fi tsawon yatsa ba, amma yana iya tsai da aikin yini guda, wato notin da yake riƙe da kujerar baya ta tsohuwar mota.

Dukanmu mun san Peugeot 504, wadda muke kira Fijo. An fara ƙera ta a Faransa a 1968, aka fara haɗa ta a Kaduna a 1975. Shekara da shekaru irinta sun yi ta jigilar mutane daga Ajingi zuwa Gaya, daga Gaya zuwa Wudil, har Kano. Waɗanda suka rage a hanya yanzu sun tsufa. Ran da mai irin wannan mota ya so ya cire kujerar baya, ko don a sake mata soso, ko don mai walda ya liƙe ƙasan motar da ya huje, sai ya tarar sauran notuna sun kwance, guda ɗaya ya ce atafau.

Me ya riƙe shi? Tsatsa ce. Sau da yawa wutsiyar notin takan leƙo ta ƙarƙashin mota, inda ruwan damina da taɓo suke bugunta. In ƙarfe ya haɗu da ruwa da iska sai ya yi tsatsa, ita kuwa tsatsa ta fi ƙarfen da ta ci cin wuri. Sai ta kumbura a cikin haƙoran noti, ta cike su, ta ɗaure su tam. Wannan ba aikin dare ɗaya ba ne. Damina ashirin ko talatin ne suka yi shi.

To, ɗan'uwana, ga inda mutane da yawa suke yin asara. Mutum ya ɗauki sifanar da ba daidai ba, ya zura mata dogon bututun ƙarfe, ya hau kai da dukan ƙarfinsa. Ɗayan biyu zai faru. Ko kan notin ya side, sifana ta rasa wurin kamawa, ko kuwa ya karye, guntunsa ya zauna a cikin rami. Aikin da ba na ko sisi ba ya zama na mai walda, watakila ma har da tafiya Ƙofar Ruwa a Kano neman wani notin.

Bari mu ga yadda gwani yake yi. Da fari yakan share wurin da burushin ƙarfe, sama da ƙasa, har ya ga haƙoran. Na biyu, yakan zuba man kwance tsatsa, in babu ya sa kananzir, ya bar shi ya jiƙa, ko da zai kwana. Na uku, yakan ƙwanƙwasa kan notin da guduma a hankali, domin tsatsar ta tsattsage, mai ya sami hanyar shiga. Na huɗu, yakan zaɓi soket mai kusurwa shida wadda ta zauna daram, gama lamba 14 ba za ta yi aikin lamba 13 ba. Sa'an nan, abin mamaki, yakan ɗan ƙara ɗaure notin kaɗan tukuna, kafin ya juya shi hagu. In ya motsa, ya mai da shi dama, ya ƙara mai, ya sake juyawa hagu. Haka, gaba da baya, har ya fito lafiya.

In duk wannan ya kasa, akwai sauran dabarar wuta, gama zafi yakan sa ƙarfe ya buɗe, tsatsa ta saki. Amma ku kasa kunne sosai a nan. A motoci da yawa tankin mai da bututunsa suna kusa da kujerar baya, soso da kafet kuma ba su da wuyar kamawa, balle wurin da aka jiƙa da kananzir. Kada wanda bai iya ba ya kusato da wuta. A bar wa gwani, shi ma sai ya tabbata ya kau da duk abin da zai kama.

In an gama gyara, a shafa wa sabon noti giris, a ɗaure kujerar da notunanta duka. Kada a ce guda biyu sun isa, kada a ɗaure ta da waya. A kan kujerar nan ne mata da yara suke zama. Ran da direba ya taka birki farat ɗaya, ran nan ne za a san amfanin notin da aka raina.

Masu sauraro, ba mota kaɗai take da irin wannan noti ba. Akwai wa da ƙane da suka shekara goma ba sa ga maciji saboda iyakar gona. Akwai miji da mata da wata tsohuwar magana ta yi tsatsa a tsakaninsu. Kowa ya tashi gyara rana ɗaya, da faɗa da ɗaga murya, sai ya karya abin da ya zo kwancewa. Fara da gaisuwa. Kai ziyara ran suna ko ran ta'aziyya. Ka bar magana mai laushi ta jiƙa, ka koma, ka sake komawa. In abin ya fi ƙarfinka, nemi dattijon da ya iya. Hausawa sun ce mai haƙuri yakan dafa dutse.

Gara ma kada a bari tsatsar ta taru tun farko. Saɓanin da aka yi da safe, a daidaita shi kafin a kwanta.

Allah ya ba mu haƙuri, ya kiyaye matafiya.