Lamba ɗaya tak, dama ta koma hagu

A ce yaro na cin gyaɗa ya ƙware, ƙwaya ɗaya ta faɗa bututun iskar huhun dama, likita ya zura na'ura mai kyamara ta baki ya ciro ta. To a asibitocin Amurka, tun 2015, aikin nan lamba gare shi: 0BC38ZZ. B hanyar numfashi ce, C ciro abin da ya maƙale, 3 bututun dama, 8 kuma ba a yanka ba. Mai shigarwa ya buga 7 maimakon 3? Shi ke nan, fayil ya ce hagu! Inshora na iya ƙin biya, likitan gaba ya ruɗe. Masu sha'awar wannan sana'a, ku karanta bayanin likita sau biyu kafin ku taɓa kwamfuta.