Ina Ruwan Ya Tafi? Binciken Ɓacewar Ruwan Inji Bayan An Sauya Gaskit



Gabatarwa

Na san akwai waɗanda suka ga kan wannan lacca suka ce a ransu, me ya haɗa malamin Hausa da baƙin mai? Amsata ita ce, gareji ma makaranta ce, kuma da Hausa ake karatu a cikinta. Abin da nake so in nuna yau shi ne, sau da yawa kafin bakanike ya yi kuskure da sifana, ya riga ya yi shi da baki. Kalmar da aka kira matsala da ita, ita ce ke nuna wa hannu inda zai dosa.

Misalina daga gabashin Sakkwato zan ɗauko shi. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Goronyo a kan gulbin Rima a 1984, noman rani ya ƙara ƙarfi a wannan yanki. Albasa da tafarnuwa da shinkafar da ake nomawa a fadamun Goronyo da Wurno, da amfanin gonar ƙasar Rabah, duk a bayan mota suke zuwa kasuwa. Yawancin motocin nan tsofaffi ne, kuma da wuya ka sami wadda injinta yake yadda maƙeransa suka ƙera shi. Ga shi kuma lokacin kwasar albasa yakan faɗo cikin bazara, sa'ad da zafin rana ke haura digiri 40.

Labarin wata a-kori-kura

Wani ɗan'uwana manomin albasa a Goronyo yana da tsohuwar a-kori-kura ƙirar Peugeot 504, irin waɗanda suka cika ƙasar nan bayan da aka fara harhaɗa motocin Peugeot a Kaduna a 1975. Motar ta sha kwaskwarima. An ƙara mata sifirin don ta ɗauki lodin da ya fi ƙarfinta, an cire mata tamostat, an sa mata lagireto da murfin wata motar dabam, an kuma taɓa kankare kan injin a wurin masu juya ƙarfe.

Wata rana da lodi a bayanta, ta ɗauki zafi kusa da Achida, gaskit ya ƙone. Aka sauya. Bayan kwana biyu direba ya dawo gareji ya ce, "Maigida, har yanzu fa tana shan ruwa." Bakanike bai tambayi kome ba, ya ce gaskit ɗin jabu ne. Aka sayo wani, aka sake kwance injin, aka ɗaure. Ruwa bai daina raguwa ba. Albasa kuwa tana jibge tana jiran mota, kuma kowa ya san albasa ba ta da haƙurin jira.

Kafin in faɗi yadda aka ƙare, ya kamata mu san aikin gaskit.

Aikin gaskit

Inji kashi biyu ne manya: gangar jiki, inda fistin ke kai da komowa, da kuma kai, wanda kanikawa ke kira tof. Tsakaninsu ake shimfiɗa gaskit. Abubuwa uku ne ke maƙwabtaka a wannan mahaɗa: wutar da ke tura fistin, da ruwan da ke sanyaya inji, da baƙin man da ke sa ƙarfe ya yi santsi. Gaskit shi ne dangar da ta raba su. In ta faɗi, kowa ya shiga gidan wani.

To, amma danga ba ta faɗuwa haka kawai. Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. Galibi zafi ne ke kashe gaskit. A injuna da yawa kan na alminiyam ne, gangar jikin kuwa ta baƙin ƙarfe, kuma alminiyam yana buɗewa da zafi kusan ninki biyu na baƙin ƙarfe. Saboda haka in inji ya tafasa, kan yakan lanƙwashe ko ya tsage. Wanda ya sauya gaskit bai nemi abin da ya kawo zafin ba, ya share toka ne ya bar garwashi.

Yoyo, amai da sha

Yanzu mu dawo kan maganar direba. Ya ce mota tana "shan ruwa". Aikatau "sha" yana da faɗi ƙwarai a Hausa: ana shan ruwa, ana shan iska, ana shan wahala, ana shan kaye. Wannan faɗin ado ne a waƙa, amma a gareji tarko ne, domin da zarar an ce inji ya sha ruwa, an riga an yanke hukunci cewa ruwan cikinsa ya shiga, alhali kuwa abin da direba ya gani kurum shi ne ruwa ya ragu. Ruwan lagireto hanya uku yake bi ya ɓace, kuma Hausa tana da kalma ga kowace.

Ta farko ita ce yoyo, watau ruwa ya fita waje ta wata kafa. Mesar da aka cire wajen aiki ba a matse ta sosai ba, ko famfon ruwa ya fara ɗiga ta ƙaramar hudar da ke ƙarƙashinsa, ko lagireto ya yi tsatsa ya huje. Wani yoyon ba ya ɗiga ƙasa, domin kan ƙarfe mai zafi yake sauka ya ƙafe nan take, sai dai ya bar farin sawu ko na tsatsa. Akwai ƙaramin famfon hannu da ake ɗaurawa a bakin lagireto a hura iska inji yana sanyi. In allurarsa ta yi ta sauka, akwai kafa, sai a bi da ido.

Ta biyu ita ce amai, watau ruwa ya fito ta bakin lagireto. A nan murfi ne abin tuhuma na farko. Mutane suna ɗaukar murfin nan kamar marfin tulu, alhali aikinsa ya wuce haka. Ruwa a buɗe yana tafasa a digiri 100, amma murfi mai kyau yana danne shi har sai ya kai wajen digiri 120 kafin ya tafasa. In robarsa ta mutu, ko aka sa na wata motar wanda bai dace ba, ruwa zai riƙa fita kaɗan-kaɗan duk sa'ad da aka hau tudu da lodi. In kuwa murfi lafiyarsa lau, to, wataƙila hayaƙin fistin ne ke kutsawa cikin ruwa yana turo shi. Alamarsa ita ce, in an tā da inji da sanyinsa murfi a buɗe, kumfa za ta yi ta tasowa ba ƙaƙƙautawa. In kuma murfi a rufe yake, mesar sama za ta yi tauri tun inji bai yi ɗumi ba. Akwai kuma wani shuɗin ruwan gwaji da ke komawa rawaya in hayaƙin ya ratsa shi.

Ta uku ita ce sha na ainihi, kuma shi ma iri biyu ne. Ko dai ruwa ya shiga ɗakin wuta ya fita ta salansa, sai a ga farin hayaƙi mai kauri wanda ba ya yankewa ko da inji ya yi zafi, a kuma tarar da fulogi ɗaya fes kamar an wanke shi. Kada a rikita wannan da ɗan tururin safiyar hunturu, wanda kan ɗauke bayan 'yan mintoci. Ko kuma ruwa ya gangara cikin baƙin mai, sai man ya ƙaru a jikin sandar awo, launinsa ya koma na shayi mai madara.

Akwai kuma raguwar da ba ciwo ba ce. Bayan an cika sabon ruwa, iska kan maƙale a lunguna. In ta fita, ruwa ya maye gurbinta, sai a ga kamar ya ragu. Wannan yakan tsaya bayan tafiya ɗaya ko biyu. Don haka awon gaskiya shi ne na kowace safiya, inji yana sanyi. Kuma ina roƙon kowa, kada ya buɗe murfin lagireto inji yana da zafi. Mutane da yawa sun sale fuska ta haka.

Yadda aka ƙare

Daga bisani aka kai motar wurin wani dattijon bakanike mutumin Rabah. Bai taɓa sifana ba sai da ya yi tambaya: "Yoyo take yi, ko amai, ko sha?" Direba ya rasa amsa. Dattijo ya duba ƙasa, babu ɗigo. Ya duba salansa, babu hayaƙi. Ya zaro sandar awon mai, sai ga shayi da madara. Sa'an nan ya tambayi yaran da suka yi aikin ko sun juya injin lokacin da kan yake a cire. Suka ce sun juya, don su goge fistin.

A nan gizo ke saƙar. A irin wannan inji, kowane fistin yana cikin wani bututun ƙarfe mai cirewa, wanda kanikawa ke kira silif, ruwa na zagaye shi, kuma akwai abin toshiya a gindinsa. Kan inji ne ke danne su. In an cire kan aka juya inji ba a danne su da wani abu ba, sai su motsa, toshiyar ta saki, ruwa ya zurara cikin mai. Gaskit biyun nan ba su da laifin kome.

Dattijo ya sake zaunar da su, ya aza miƙaƙƙen ƙarfe a kan tof ya tabbatar bai lanƙwashe ba, ya ɗaure kusoshi daga tsakiya zuwa gefe da sifana mai awo. Ya kuma nemo murfin da ya dace, ya wanke lagireto, ya mai da tamostat. Ya ce cire tamostat gudun gara ne a faɗa gidan zago: allura za ta sauka, amma abin da ya kawo zafin yana nan a ɓoye. Ya gargaɗe su kada a sake kankare kan, domin kowace kankara tana rage ɗakin wuta, matsi ya ƙaru, zafi ya ƙaru. Mota ta tashi, amma wani sashe na albasar ya riga ya ruɓe.

Kammalawa

Ga ma'aikatan hukuma, da yawanku kuna sa hannu a takardun gyaran motocin gwamnati. In an kawo maku takardar gaskit na biyu ga mota ɗaya, kada ku sa hannu sai an gaya maku ta wace hanya ruwan yake fita, da kuma abin da aka taɓa sauyawa a injin. Inji mai kwaskwarima ba ya bin littafin maƙeransa sau da ƙafa, don haka tarihinsa rabin bincikensa ne. A fara da mai araha, watau murfi da mesa, kafin a kai ga kwance inji.

Ga ɗalibai kuwa, kalmomi irin su lagireto da fulogi da salansa kanikawa ne suka shigo da su Hausa, ba majalisar masana ba. Ku je gareji da alƙalami, ku rubuta abin da dattawan nan suka sani tun suna raye. Za ku tarar harshenmu yana iya rarrabe yoyo da amai da sha, in dai mai magana ya natsu ya zaɓi kalmar da ta dace.